Kocin da Ya Gaji Kango a Indiana

A garin Bloomington na jihar Indiana, a tsakiyar Amurka, akwai wani zauren wasa da ake kira Assembly Hall, mai cin mutum fiye da 17,000. Can sama a cikinsa an rataye jajayen tutoci biyar, kowace da shekararta: 1940, 1953, 1976, 1981, 1987. Shekarun da Jami'ar Indiana ta zama zakarar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka ke nan. Duk kocin da makarantar ta ɗauka, a ƙarƙashin waɗannan tutocin zai tsaya, da su kuma za a auna shi, ko da ranar da ya zo bai tarar da 'yan wasa biyar ɗin da zai tura fili ba.

Ba ƙarin gishiri muka yi ba. A watan Afrilu na 2008 aka ɗauki Tom Crean, kuma kafin kakar wasa ta fara, 'yan wasa biyu kacal suka rage masa daga ƙungiyar bara. Ya yi shekara tara a kan kujerar. A shekara ukun da yake shan kashi kusan kowane mako, magoya baya sun riƙe shi hannu bibbiyu. Da ya fara cin kofuna kuma, sai suka fara neman a kore shi. Wannan juyin shi muke son mu bi sawunsa.

Sai mai karatu ya san matsayin ƙwallon kwando a jihar Indiana kafin ya gane nauyin kujerar. A can, wasan ya fara tun daga makarantun sakandare, kuma mafi yawan zaurukan wasan sakandare da suka fi girma a Amurka a jihar suke. A 1954 wata ƙaramar makaranta ta garin Milan, mai ɗalibai 161, ta doke Muncie Central da ci 32 da 30 ta ɗauki kofin jiha. Har yau ana ba da labarin, kuma a kansa aka gina fim ɗin Hoosiers na 1986. Yaron da ya fi kowa iya wasa a sakandaren jihar ana naɗa masa sarautar gwarzon shekara, kuma mutanen jihar suna ganin haƙƙinsu ne ya tafi Bloomington ya sa jar riga. A rigar ma ba a rubuta sunan ɗan wasa a baya. Sunan makaranta ne kawai a ƙirji.

Tutoci biyu na farko aikin Branch McCracken ne. Sauran ukun na Bob Knight ne, wanda ya zo a 1971, shekarar da aka buɗe zauren. Ƙungiyarsa ta 1976 ta buga wasa 32 ta ci duka, kuma tun daga nan babu wata ƙungiyar maza a babban rukunin jami'o'i da ta sake kammala kaka ba a doke ta ba. Knight mutum ne mai zafin rai. A watan Fabrairu na 1985 ya ɗauki kujera ya wurga cikin fili ana tsakiyar wasa da Purdue. Amma 'yan wasansa suna shiga aji suna kammala digiri, kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ba ta kama shi da wani babban maguɗi ba. Wannan ya zama abin alfaharin magoya baya: muna ci, kuma hannunmu tsaf. A watan Satumba na 2000 shugaban jami'ar, Myles Brand, ya kore shi saboda halayyarsa, ɗalibai suka fito zanga-zanga a daren.

Akwai abin da masu begen zamanin Knight ba su cika ambata ba. A shekarunsa shida na ƙarshe, daga 1995 zuwa 2000, wasa biyu kawai ya ci a gasar ƙasa. Rabonsa da zagayen 'yan huɗu tun 1992. Wato mudun da aka riƙa auna magadansa da shi, shi kansa mai mudun bai cika shi ba a ƙarshen zamaninsa. Abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne 1976 da 1987, sauran kuma an share.

Mataimakinsa, Mike Davis, baƙar fata na farko da ya riƙe ƙungiyar, shi ya gaje shi. A 2002 ya fitar da Duke, wadda ke kan gaba a ƙasar, ya kai wasan ƙarshe, Maryland ta doke shi da ci 64 da 52. Duk da haka wasu ba su taɓa yafe masa zaman da ya yi a kujerar Knight ba. Ya ajiye aiki a 2006.

Daga nan aka ɗauko Kelvin Sampson daga Oklahoma, yana tafe da laifi a wuyansa. A can, shi da mataimakansa sun yi wa yaran sakandare kiran waya fiye da 500 da doka ta hana a lokacin neman 'yan wasa. NCAA ta hana shi kiran yara na shekara guda. Sai aka gano cewa a Indiana ma ana haɗa shi da yaran ta wayar mataimakinsa, su uku a kan layi. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. A watan Fabrairu na 2008 hukumar ta tuhume shi da manyan laifuka biyar, ciki har da rashin faɗin gaskiya ga masu bincike. Ƙungiyar tana da nasara 22 da rashin nasara 4 ranar da ya karɓi dala 750,000 ya tafi. A hannun mai riƙon ƙwarya ta wargaje, ta fita daga gasar ƙasa a wasan farko.

Abin da ya biyo baya kamar gobarar kasuwa ne. Eric Gordon ya tafi NBA. D.J. White ya gama karatu. An kori wasu saboda rashin ɗa'a da rashin zuwa aji, wasu kuma suka nemi canjin makaranta, kamar Jordan Crawford da ya koma Xavier. Da ƙura ta lafa, Kyle Taber da Brett Finkelmeier ne suka rage, su biyun kuma tun asali ba da tallafin karatu suka shigo ƙungiyar ba, ɗalibai ne da suka shiga don sha'awa. A watan Nuwamba hukumar ta sa makarantar a ƙarƙashin sa ido na shekara uku.

Crean ba ƙaramin koci ba ne lokacin. Ya yi mataimaki ga Tom Izzo a Michigan State, ya riƙe Marquette shekara tara, ya kai ta zagayen 'yan huɗu a 2003 da Dwyane Wade. Da 'yan jarida suka tambaye shi abin da ya sa ya bar wuri mai kwanciyar hankali ya zo nan, amsar da ya yi ta maimaitawa ita ce, ai Indiana ce. Magoya baya suka buga maganar a jikin riguna. Makarantar da kanta ta gane girman ramin, ta tsawaita kwantiraginsa zuwa shekara 10 tun bai buga wasa ko ɗaya ba.

A nan ya kamata mu tsaya mu ga yadda ake gina ƙungiyar jami'a a wancan zamani, don mai kallon ƙwallon ƙafar Turai zai ce to me ya hana shi sayo 'yan wasa. Babu saye. Koci yana da guraben tallafin karatu 13, Indiana ma an rage mata. Ɗan wasa yana da kaka huɗu ya gama. Wanda ya canza makaranta dole ya zauna shekara guda a benci kafin ya buga wa sabuwar. Manyan yaran sakandare kuwa sun riga sun sa hannu da wasu makarantu tun watan Nuwamba, wata biyar kafin Crean ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuma ranar tafiyar aka miƙa masa goran. Ya tattara abin da ya samu: sababbin ɗalibai, 'yan ƙananan kwalejoji, 'yan sha'awa, har sai da aka leƙa ƙungiyar besbol ta makarantar aka ɗauko hannu.

Kakar 2008 zuwa 2009 ta ƙare da nasara 6, rashin nasara 25. Ba a taɓa ganin irinta a tarihin makarantar ba. A rukuninsu na Big Ten sun buga wasa 18 suka ci ɗaya, a kan Iowa. Ƙananan makarantu irin su Northeastern da Lipscomb sun zo har gida sun doke su a ƙarƙashin tutocin nan biyar. Kaka ta biyu, 10 da 21. A cikinta sabon yaronsu Maurice Creek, wanda ya zura wa Kentucky maki 31, ya karye a gwiwa tun watan Disamba. Kaka ta uku, 12 da 20. Idan muka haɗa, nasara 28 da rashin nasara 66, a cikin rukuni kuwa 8 da 46.

Duk da haka mutane sama da 10,000 suna ta zuwa zauren. Suna tafa wa yaran da suka faɗi ƙasa suna kokawar ƙwallo, suna ihu idan an rage tazarar maki 20 ta koma 10. An yi ta yabon mutanen Indiana a kan wannan haƙurin, kuma sun cancanta. Amma a ganinmu akwai dalilai uku da suka sa haƙurin ya zo musu da sauƙi, ba kuma ɗaya daga cikinsu da zai daɗe.

Na farko, ɓarnar a fili take. Ko makaho ya shafa ya san wannan ƙungiyar ba za ta iya da Michigan State ba. Na biyu, akwai wanda za a ɗora wa laifi, kuma ya riga ya bar gari. Duk kashin da aka sha, a asusun Sampson ake rubuta shi. Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci, shan kashin da kansa ya zama wanka. Mutanen da suka shekara 30 suna taƙama da tsabtar hannu sun ji kunyar abin da ya faru, sai ganin yara marasa suna suna zuwa aji suna faɗuwa a fili da gumin goshinsu ya zame musu kamar biyan kaffara. Zuwa kallon ƙungiya mai nasara 6 ya zama shaidar cewa kai ɗan gida ne na asali.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan haƙurin. Ranar da manhaja ta rushe gaba ɗaya, mai ita ya fi kowa ladabi, duk abin da ka tayar masa godiya zai yi. Ranar da komai ya koma aiki, ranar zai fara tambayar me ya sa shafin yake ɗaukar daƙiƙa uku kafin ya buɗe, alhali na kamfanin maƙwabta ɗaya yake ɗauka.

A cikin waɗannan shekarun Crean yana ta dasa. A 2009 ya kawo Jordan Hulls, ɗan garin Bloomington kuma gwarzon jihar, da Christian Watford daga Alabama. A 2010 ya kawo Victor Oladipo, yaro mai tushe a Najeriya da ya taso a Maryland, wanda masu jera sunayen yara ba su sa shi ko cikin ɗari na farko ba. Sannan a watan Nuwamba na 2010 Cody Zeller, dogon yaro daga ƙaramin garin Washington na jihar, ya ce Indiana zai je. Yayyensa biyu sun zama gwarazan jihar kafin shi, ɗaya ya tafi Notre Dame, ɗaya North Carolina. Zaɓin ƙaramin ya sa mutane suka ji cewa gida ya koma gida.

Ranar 10 ga Disamba, 2011, Kentucky ta zo Bloomington tana matsayi na ɗaya a ƙasar, da Anthony Davis a cikinta. Saura daƙiƙa biyar da 'yan kai a tashi, Kentucky tana gaba da 72 da 70. Verdell Jones, ɗaya daga cikin yaran da suka sha azabar kakar nasara 6, ya ɗauko ƙwallo tun daga ƙarshen fili, ya kutsa, ya juya ya miƙa wa Watford da ke biye da shi. Watford ya jefa daga bayan layin maki uku, ƙararrawa ta kaɗa ƙwallo na sama, ta faɗa kwando. 73 da 72. Ɗalibai suka kwararo cikin fili har aka daina ganin 'yan wasan. Kafin kakar ta ƙare sun doke Ohio State mai matsayi na biyu da Michigan State mai matsayi na biyar, suka gama da 27 da 9, suka kai zagayen 'yan 16 inda Kentucky ta rama da ci 102 da 90, ta wuce ta ɗauki kofin.

A ganinmu daren Watford ne daren da haƙurin ya ƙare, ko da yake babu wanda ya lura, saboda kowa na murna. Kafin wannan jifan, ana auna Crean da kangon da ya tarar. Bayansa kuma aka koma auna shi da tutocin da ke sama. Magoya baya ba su ɗauki shekara ukun nan a matsayin kyauta ba. Rance ne suka bayar, kuma kuɗin da suke jira a biya su da shi tuta ta shida ce.

Kaka ta gaba suka shige ta a matsayi na ɗaya a ƙasar. Sun ci wasa 29, sun lashe Big Ten su kaɗai, abin da rabonsu da shi tun 1993, bayan sun je gidan Michigan a ranar ƙarshe sun ci 72 da 71. Amma tun kafin nan an fara gunaguni. A wasan gida na ƙarshe Ohio State ta doke su, duk da haka Crean ya sa yaran suka hau tsani suka yanke ragar kwando, al'adar da ake yi idan an ci kofi, domin lissafi ya riga ya ba su rabon kambun. Dalilinsa a fili yake, yaran da suka fara da nasara 10 a kaka suna bankwana da zauren. Aka yi ta yi masa dariya a faɗin ƙasar, wasu 'yan gida ma suka ce Knight ba zai taɓa yin haka ba. Sai kuma a zagayen 'yan 16 suka haɗu da Syracuse, ƙungiyar da kowa ya san salon tsaronta, kowane ɗan wasa ya tsare yanki maimakon ya bi mutum. Indiana ta rikice kamar ba ta taɓa jin labarinsa ba, ta ci maki 50 kacal, Syracuse 61. Bayan wata uku aka zaɓi Oladipo na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, Zeller na huɗu. Magana ta zauna a bakin mutane: mutum yana da biyu daga cikin huɗun farko, ya kasa wuce 'yan 16.

Bari mu ɗan yi lissafi, don a nan rashin adalcin mudun yake. Kambun Big Ten a lokacin ana cin sa ne da wasa 18, gida da waje, cikin wata biyu da rabi. Ƙungiyar da ta ci shi ta nuna ingancinta ba ta hanyar sa'a ba. Gasar ƙasa kuwa ƙungiyoyi 68 ne, faɗuwa ɗaya an tafi gida, kuma zakara sai ya ci wasa shida a jere. A ce ƙungiya ta fi kowa ƙarfi har tana da damar cin kowane wasa kashi 80 cikin 100. Idan aka ninka wannan damar sau shida, abin da zai rage bai wuce kashi 26 ba. In damar ta sauko 70, sai ya koma kusan 12. Ke nan ko ƙungiyar da ta fi kowa, rashin kofin ya fi samunsa yawa nesa ba kusa ba. Tutocin da ke rataye kuwa wannan gasar kaɗai suke ƙirgawa, ita kuma magoya baya suke ƙirgawa.

Kada mai karatu ya ɗauka masu ƙorafin ba su da hujja. Suna da ita. Ƙungiyoyin Crean suna yawan zubar da ƙwallo, tsaronsu yau da kyau gobe babu, kuma yana canza 'yan wasa a lokutan da suke ɗaure wa mai kallo kai. Bayan kakar nasara 29 sai ga 17 da 15, ba su je kowace gasa ba. A ƙarshen 2014 aka yi ta samun matsalolin ɗa'a a wajen fili, abin da ya taɓa ainihin abin da aka ce an kawo shi ya gyara. Sannan ga zancen yaran gida. Daga 2012 zuwa 2016, gwarazan jihar biyar a jere sun tafi wasu wurare: Gary Harris ya tafi Michigan State, Zak Irvin Michigan, Trey Lyles Kentucky, Caleb Swanigan ya zaɓi abokiyar gaba Purdue, Kyle Guy kuma Virginia. A jihar da ke ganin yaranta dukiyarta ce, wannan ya fi shan kashi ciwo. Kafin ƙarshen kakar 2015 an fara yi masa ihun tsiya a cikin zauren da aka taɓa tafa wa nasara 6.

Sai kuma ya sake ba su mamaki. Kakar 2015 zuwa 2016 ta fara da muni, Duke ta lallasa su 94 da 74, kowa ya ce kwanansa ya ƙare. Daga nan suka miƙe, da Yogi Ferrell yana jan ragama, da wani sabon yaro, OG Anunoby, haifaffen Landan ɗan iyaye 'yan Najeriya, wanda shi ma ba a yi rububinsa a sakandare ba. Suka ci 15 cikin 18 a rukuni, suka sake lashe Big Ten su kaɗai, aka zaɓi Crean gwarzon kocin rukunin. A gasar ƙasa suka fitar da Kentucky da ci 73 da 67. A zagayen 'yan 16 North Carolina ta tsayar da su. Karo na uku ke nan a wannan matakin, kuma 'yan 16 ɗin da a 2012 aka yi bikinsa kamar sallah, yanzu ya zama sunan rufin da aka ce ba zai taɓa fasawa ba.

Shekara guda aka ƙara. Sun buɗe kakar da doke Kansas, suka doke North Carolina wadda daga baya ta ɗauki kofin ƙasa, a tsakani kuma ƙaramar makarantar Fort Wayne ta kunyata su. Anunoby ya ji rauni a gwiwa a watan Janairu, komai ya zube, suka gama da 18 da 16. Ranar 16 ga Maris, 2017, daidai lokacin da ake fara wasannin gasar ƙasa, shugaban sashen wasanni Fred Glass ya sanar da korarsa. Abin da ya ce makarantar take nema shi ne ta riƙa takarar kambun Big Ten kowace shekara, ta riƙa nisa a gasar ƙasa a kai a kai, ta kuma ɗauki kofi na gaba. Crean ya tafi da nasara 166 da rashin nasara 135. Idan aka cire shekara ukun farko, 138 da 69 ne, wato cin biyu a kowane wasa uku.

Ko korar daidai ce? Wanda ya ce daidai ce zai nuna abin da Crean ya yi daga baya a Georgia, inda ya shekara huɗu bai kai ko'ina ba, ya rufe da kaka mai nasara 6. Wanda ya ce kuskure ne zai nuna abin da Indiana ta samu bayansa. Archie Miller ya zo daga Dayton da suna mai kyau, ya ma riƙe gwarzon jihar na 2018, Romeo Langford, a gida kamar yadda ake so. Ya yi kaka huɗu bai buga gasar ƙasa ba, bai doke Purdue ko sau ɗaya ba, sai da masu hannu da shuni suka haɗa dala miliyan 10 aka sallame shi. Daga nan aka ce matsalar ita ce ba ɗan gida ba ne, aka kawo Mike Woodson, tsohon ɗan wasan Knight. Ya je gasar ƙasa sau biyu, ya rasa sau biyu, ya sauka a 2025. Har zuwa ƙarshen wannan kakar, Indiana ba ta sake cin Big Ten ba, ba ta kuma sake taka zagayen 'yan 16 ba. Rufin da aka raina, shekara takwas ana ɗaga kai ana kallonsa.

Mu dai mun fi karkata ga cewa Crean koci ne mai kyau wanda ba gagarau ba, kuma babban abin da ya kayar da shi shi ne ya yi gyaran da sauri har aka manta da zurfin ramin. Mun kuma lura cewa yaron da ake zawarcinsa a 2008 an haife shi bayan tuta ta ƙarshe. Na yau kuwa, mahaifinsa ma yana ƙaramin yaro lokacin da Keith Smart ya jefa ƙwallon da ta ci Syracuse a 1987. Tutocin suna da nauyi a wuyan koci da zuciyar mai tikitin shekara, amma yaro ɗan 17 da ke zaɓen makaranta kallon kayan tarihi yake musu.

Shi kuwa Sampson, dokar kiran wayar da ta rusa komai an sassauta ta a 2012, aka bar kociyoyi su kira manyan yaran sakandare su tura musu saƙo iya son ransu. Bayan hukuncinsa na shekara biyar ya ƙare, ya karɓi Houston a 2014, jami'ar da Hakeem Olajuwon ya yi suna, ya kai ta zagayen 'yan huɗu a 2021, ya kai wasan ƙarshe a 2025, Florida ta tsere masa da maki biyu.

Kiɗan ma ya canza. Tun 2021 ɗan wasa yana iya canza makaranta ya buga nan take, yana kuma iya karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa. Abin da ya tilasta wa Crean jiran yara su girma ya kau, tare da shi kuma uzurin shekara uku ya kau. A 2024 Mark Pope ya karɓi Kentucky babu ɗan wasa ko ɗaya mai tallafin karatu da ya rage masa, ya tara sababbi cikin 'yan makonni, ya kai 'yan 16 a kakarsa ta farko. A harabar Indiana kanta, Curt Cignetti ya karɓi ƙungiyar ƙwallon Amurka da aka saba yi wa dariya, ya ci wasa 11 a shekararsa ta farko. Mutanen Bloomington sun ga duka biyun da idonsu.

A watan Maris na 2025 aka ɗauki Darian DeVries daga West Virginia. Shi ma kusan kowa ya watse kafin ya zauna, kamar yadda aka yi wa Crean shekara 17 da suka wuce. Kafin bazara ta ƙare ya cika guraben da 'yan wasan da suka riga suka yi shekara biyu, uku, huɗu a wasu jami'o'i, har da ɗansa Tucker da ya biyo shi.